Kafin Ka Goya Famfon Feshi: Jagorar Gane Tsutsar da Ke Cin Darɓa

Da zarar hunturu ya kankama a Sakkwato, kuka ɗaya ne a bakin masu lambu: darɓa ta sauka. Haka za ka ji a fadamar Kwalkwalawa, haka a Wurno da Goronyo, haka kuma a nan Mabera wurin matasa da matan aure da suka fara ɗan lambu a bayan gida ko a kangon da ba a kai ga ginawa ba. Ganyen kabeji ya nannaɗe, kan kuɓewa ya yi danƙo, wake ya tsugune ya ƙi tashi. Abin da ke biyo baya kusan kullum iri ɗaya ne. Mutum ya ruga shagon maganin ƙwari, ya dawo da kwalba, ya yi feshi, bayan mako biyu darɓa ta dawo ta ninka ta da. Wani kuma ya bi ganye da hannu, duk koriyar tsutsar da ya gani a tsakiyar darɓa sai ya murƙushe ta, a zatonsa ita ce uwar ɓarnar.

Saboda wannan tsutsa na ɗauki alƙalami. Ba ta taɓa ganye ko kaɗan, darɓa ce abincinta dare da rana. 'Yar wani ƙuda ce mai ratsin rawaya da baƙi, wanda ke iya tsayawa cak a iska, shi ya sa nake kiransa ƙudan shawagi. Masana suna kiran danginsa Syrphidae, kuma sun ƙirga kusan iri 6,000 a duniya. Ba dukkansu ne 'ya'yansu ke cin darɓa ba, amma daga cikin masu ci akwai Ischiodon aegyptius, wanda ya bazu a faɗin Afirka. Tsutsa guda tana cinye darɓa 100 zuwa 400 kafin ta gama girma, gwargwadon irinta da girman darɓar. Ma'aikaciya ce da Allah Ya ba mai lambu kyauta, muna kashe ta da kuɗin aljihunmu saboda rashin sani.

Kayan da za ka tanada

Madubin ƙara girma mai ninki goma, irin na masu gyaran agogo da waya. In babu, kyamarar wayarka za ta yi aiki in ka matso da ita sosai. Sai tocila, gashin kaza mai laushi guda ɗaya, farar takarda, roba mai garai-garai da ake ganin cikinta, ɗan ƙyallen atamfa da robar ɗauri, tsummoki masu launi don yin alama, da ɗan littafi da biro. Kada ka raina littafin. Abin da ka gani ranar Asabar ba za ka tuna adadinsa ranar Talata ba, kuma duk hukuncin da za ka yanke a kan kwatanta jiya da yau yake.

1. Fara da sanin inda darɓar take

Darɓa ba ta zama a saman ganye inda rana ke dukanta. Tana ƙarƙashinsa, da kan sabon toho, da cikin naɗin ganye. Juya ganyen. A wake da gyaɗa baƙa ce mai sheƙi, a kabeji toka-toka ce kamar an barbaɗa mata gari, a kuɓewa da kankana da barkono takan zo koriya ko rawaya-rawaya. Macen ba ta jiran namiji, haihuwa take yi kai tsaye, kuma 'yar da ta haifa yau za ta fara nata haihuwar cikin kusan mako guda. Wannan saurin ne ke firgita mai lambu.

Zaga fangalinka, ka zaɓi tsiro goma da darɓa ta kama, wasu a gefe wasu a tsakiya, ka ɗaura wa kowanne tsumma. Waɗannan za ka riƙa komawa. Wanda ke duba tsiro daban kowace rana ba zai taɓa sanin ko darɓa na ƙaruwa ko raguwa ba.

In lambunka bai kamu ba tukuna kuma kana son koyo, je wurin tumfafiya. Tana nan birjik a kangaye da bakin hanya, kuma sau da yawa za ka iske rawayar darɓa ta lulluɓe kanta, maƙiyan darɓa kuma na kai-komo a wurin. Sai dai ka kiyayi farin ruwanta, yana yi wa ido mummunan lahani. Kada ka karya reshe, kada ka sosa ido, ka wanke hannu da sabulu in ka gama.

2. Gane uwar

Da hantsi, in iska ta lafa, tsaya shiru kusa da tsiron da ka yi wa alama. Za ka ga wani ɗan ƙuda siriri ya zo ya tsaya a iska wuri guda, fukafukansa ba sa ganuwa don sauri, sai ya yi wuf ya koma gefe, ya sake tsayawa. Mutane da yawa na ja da baya suna zaton rina ce ko ƙudan zuma, amma kama da wane ba ta wane. Fukafukansa biyu ne, na zuma da rina huɗu. Idanunsa manya ne sun kusa cinye kan, ƙahonninsa gajeru, ba shi da siririn ƙugun rina, kuma ba shi da ƙari, ba ya harbi. Macen da ka ga tana shawagi a kan garken darɓa wurin saka ƙwai take nema. Ganinta kaɗai ya isa ya sa ka dakata da feshi har ka bincika.

3. Nemo ƙwai

Fari ne tas, dogo-dogo, tsawonsa kusan milimita ɗaya, a kwance a kan ganye, yawanci ɗai-ɗai a cikin darɓa ko a gefenta. Uwar ba ta saka shi nesa da abinci, domin jaririyar tsutsa ba ta da ƙarfin doguwar tafiya. Yana ƙyanƙyashewa cikin kwana biyu zuwa uku. Kuskuren da ake yi a nan shi ne ɗaukar ɓawon da darɓa ke tuɓewa a matsayin ƙwai. Ɓawon yana da ƙafafu, a yamutse yake, in ka hura shi sai ya tashi. Ƙwan kuwa sumul yake a manne.

4. Rarrabe tsutsar da mai cin ganye

Nan ne aka fi yin ɓarna, don haka a nan za mu daɗe. A kabeji akwai wata koriyar tsutsa mai huda ganye, 'yar wani ƙaramin malam-buɗe-littafi na dare, kuma ita maƙiyiyar mai lambu ce ta gaske. Girmansu kusan ɗaya, launinsu kusan ɗaya, a ganye ɗaya ma kana iya samunsu. Ga yadda za ka raba su.

Sa madubi ka dubi kai. Mai cin ganye tana da kai sosai, zagayayye mai tauri. Mai cin darɓa ba ta da kan da za ka nuna, jikinta kawai ke sirancewa har ya zama tsini. Wannan tsinin shi ne bakin, gefen mai kauri kuwa shi ne baya, kuma a can za ka ga ɗan tudu mai launin ƙasa, ƙofar numfashinta ke nan. Sabon shiga yakan juya lissafin, ya ɗauki bayan a matsayin kai.

Dubi ƙafa. Mai cin ganye tana da ƙafafu shida a gaba da wasu masu kauri a ciki. Mai cin darɓa ba ta da ƙafa ko ɗaya, jan ciki take yi, tana miƙewa tana tattarewa.

Taɓa ta da gashin kaza. Mai cin ganyen kabeji za ta yi zillo da baya da sauri, sau da yawa ta saki ganyen ta rataye da siririn zare. Mai cin darɓa sai dai ta tsuke jiki ko ta ɗaga tsininta tana lalube.

Sannan ka dubi ganyen kansa. In akwai huji da ƙananan kashi kore ko baƙi a warwatse, mai cin ganye ce. In ganyen lafiya lau yake ta fuskar huji, amma akwai fili fayau a tsakiyar garken darɓa kuma tsutsar na kwance a wurin, to ka sami wadda muke nema. Ta Ischiodon koriya ce mai farin layi a gadon baya, in ta ƙoshi tana kai kusan santimita ɗaya. Wasu irin kuma launin ƙasa ne, ko fari-fari da ake hango kayan cikinsu.

Mazauna Mabera sun san yadda ruwa ke kwanciya a lunguna da kwatami da damina. A irin wannan ruwa akan ga wata tsutsa mai kauri da doguwar wutsiya. Ita ma 'yar wani ƙudan shawagi ce, amma ruɓaɓɓen abu take ci, ba ruwanta da darɓa. Kada wani ya kwaso ta ya kai lambu.

5. Zauna ka ga yadda take ci

Wanda ya leƙa lambu da azahar ya ce bai ga komai ba, gaskiya ya faɗa, amma bai zo a kan lokaci ba. Da rana tsutsar na lafewa a cikin naɗin ganye, ko a jikin jijiya, ko a gindin tsiro, domin zafi da bushewar iska na cutar da ita. Ta fi cin abinci daga faɗuwar rana zuwa wayewar gari. Ka je bayan magariba da tocila, ko da asuba bayan an fito masallaci. Ka sa takalmi rufaffe saboda kunama da maciji, musamman a fadama, kuma kada ka cusa hannu ƙarƙashin ganye sai ka haska.

Ba ta da idon da za ta hango abinci. Takan kafa bayanta a ganye, ta ɗaga gabanta, ta buga tsininta dama, ta ɗaga, ta buga hagu, ta matsa gaba kaɗan, ta sake. Da zarar tsinin ya sauka a kan darɓa, sai ta soke ta da wasu baƙaƙen ƙugiyoyi da ke cikin bakinta, ta riƙe ta da yawu mai danƙo, ta ɗaga ta sama cak. Ɗagawar na da dalili: darɓar da ƙafafunta suka bar ganye ba ta da abin dafawa ta ƙwace. In ka kafa madubi za ka ga ƙugiyoyin suna shiga suna fita a cikin jikin darɓar, ƙafafunta na motsi a iska, jikinta na lotsewa a hankali. Ta tsotse ta sarai kamar yadda yaro ke tsotse ledar ruwa, ta yar da fankon, ta koma lalube. Babbar tsutsa ba ta ɗaukar fiye da 'yan mintoci a kan darɓa guda. Sauran garken kuwa suna nan gefenta, bakinsu a cikin ganye, galibinsu ba sa gudu.

Akwai abin da ya kamata ka riƙe a nan, domin a kansa hukuncinka zai tsaya. Tsutsar na wuce matakin girma uku cikin mako ɗaya zuwa biyu, gwargwadon zafin gari. A matakin farko ƙanƙanuwa ce, 'yan jariran darɓa kaɗan take iya kamawa a yini. Mafi yawan abin da za ta ci a rayuwarta a mataki na uku take cinye shi, cikin 'yan kwanakin ƙarshe. Saboda haka ganyen da ke cike da darɓa yau, da ƙwai da ƙananan tsutsotsi a kansa, yana iya zama wanke bayan kwana biyar. Mai gaggawa yakan yi feshi daidai lokacin da aikin ke shirin kankama.

6. Karanta sawun da ta bari

Ko ba ka ga tsutsar ba, ganye zai ba ka labari. Fankon darɓar da aka tsotse a motse yake, launinsa ya yi duhu, ya bambanta da farin ɓawon tuɓewa. In kuma ka ga darɓa ta kumbura ta yi tauri, launin ƙasa-ƙasa, wannan aikin wata ƙaramar rina ce da ke saka ƙwai a cikinta, ita ma abokiyar aiki ce, a bar ta.

Tsutsar ba ta yin kashi duk tsawon cinta, sai ta gama girma take zubar da shi gaba ɗaya. Za ka gan shi a ganye, baƙin shafe mai sheƙi. Wasu na ɗaukarsa cuta ce su tsinke ganyen, alhali shaida ce cewa wata ta ƙoshi a nan. Bincika kusa, za ka iya samun ƙwanson da take rikiɗa ƙuda a cikinsa a manne da ganye, gefe ɗaya a kumbure ɗayan siriri, kore da farko, daga baya ya koma launin ƙasa. Wasu tsutsotsin kuma ƙasa suke sauka su yi shi. Bayan kamar mako guda sabon ƙuda zai fito. In kana sassabe tsofaffin ganye, duba kafin ka zuba wa awaki.

7. Rena guda ɗaya a roba

Wannan matakin don zuciyarka ta natsu ne, da ta mai gidan da kake yi wa aiki ko maƙwabcin da ke ce maka tatsuniya ce. Yanko ganye mai darɓa da tsutsa a kai, ka sa a roba a kan farar takarda, ka rufe da ƙyalle ka ɗaure. Kada ka ɗauke ta da yatsa, jikinta ba ya jure matsi. In dole ne ka matsar da ita, yi da jiƙaƙƙen gashin kaza. Ajiye a inuwa, don robar da rana ta doka za ta dafa ta cikin ɗan lokaci. Kowace yamma ka sa sabon ganye mai darɓa daga wurin da ba a yi wa feshi ba, da safe ka ƙirga fankon da ke kan takarda. Kada ka haɗa biyu a roba ɗaya, domin in abinci ya yanke babbar za ta cinye ƙaramar. Ranar da ƙudan ya fito, kira yaran gida su gani, sannan ka sake shi a lambu.

8. Yanke hukunci: jira ko magani

Koma wa tsironka goma bayan kwana uku, ka sake komawa bayan wasu ukun, kana rubutawa. Ga ma'aunin da nake bi. In galibin garken darɓa na da ƙwai ko tsutsa, tsiron kuma ya yi ƙwari yana ci gaba da toho, ina jira. In darɓa na bazuwa zuwa sabbin tsirrai, ba ƙwai ba tsutsa, ko shukar ƙarama ce da ba za ta jure mako guda ba, ina ɗaukar mataki.

Ba zan ɓoye iyakar wannan tsutsa ba. Darɓa na ɗauko cuta daga tsiro zuwa tsiro, kuma tana iya sa cutar kafin a cinye ta. Manoman gyaɗa ba su manta 1975 ba, shekarar da cutar kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta lalata kimanin hekta 700,000 a arewacin Nijeriya. Maganin irin wannan yana wurin shuka da wuri, da shuka a matse, da iri mai juriya kamar SAMNUT 24 na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya. Haka kabejin da ya fara naɗe kai: darɓar da ta shige ciki ta rage masa daraja a Kasuwar Daji, don haka a kansa ba a dogon jira.

9. In magani ya zama dole

Fara da mafi sauƙi. Tsinke ganyen da ya fi kamuwa, bayan ka kwashe tsutsotsin da ke kai ka mayar da su wani garken. Watsa ruwa da ƙarfi a ƙarƙashin ganye yana kakkaɓe darɓa da yawa. Sai ruwan sabulun sanda mai sauƙi, ba garin wanki ba, wanda ke ƙona ganye. Gwada a tsiro biyu ka kwana ka gani. Sai 'ya'yan dogon yaro: a daka busassu, kimanin giram 500 a lita 10 na ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle. Kada ka ɗauka waɗannan ba sa taɓa tsutsar. In suka same ta kai tsaye, musamman ƙarama, suna cutar da ita. Don haka tsiron da ya kamu kawai za ka fesa, ka tsallake wanda ke da ƙwai da tsutsa.

Magungunan kwalba irin su cypermethrin, lambda-cyhalothrin da dimethoate ba sa tambayar wane ne abokin mai lambu. Suna kashe darɓa da mai cin darɓa tare, kuma darɓar da ta tsira a naɗin ganye ta fi maƙiyanta saurin farfaɗowa. Dalilin dawowarta da ƙarfi ke nan. In ka kai ga amfani da su, nemi mai lambar NAFDAC, karanta takardar jikin kwalba ko ka sa a karanta maka, kada ka ƙara a kan awon da aka rubuta, rufe hanci da hannu da ƙafa, kada ka yi feshi iska na dawo maka da shi, kuma ka cika kwanakin da aka ce a jira kafin girbi. Latas da kabeji ɗanye ake cinsu. Ota-fiya-fiya da ake sayarwa a kwalabe marasa takarda ba ta da wuri a kan abin da mutum zai ci. A gidan da ke da yara da kaji, kwalbar magani a kulle take kwana.

10. Ciyar da uwar, ka rage tururuwa

Babban ƙudan ba ya cin darɓa. Ruwan fure yake sha, macen kuma sai ta ci garin fure kafin ƙwanta ya nuna. Lambun da ba fure ko ɗaya ba zai riƙe ta ba. Bakinta gajere ne, don haka ƙananan furanni buɗaɗɗu take so. Bar layi ɗaya na lansir ya yi fure, bar 'yan tushen latas da ɗoɗɗoya su yi kai, kuma in kana fitar da irin albasa kamar yadda manoman ƙasar nan suka saba, tsaya kusa da furen da hantsi ka ga baƙin da ke zuwa. Masu noman latas ba tare da maganin kwalba ba a kwarin Salinas na Kalifoniya, a Amurka, suna keɓe layuka a tsakiyar gona su shuka wani farin fure don ƙudan shawagi, kuma kasuwa suke nomawa, ba gwaji ba.

Tururuwa da kiyashi kuwa makiyayan darɓa ne. Suna shan zaƙin da take fitarwa, a madadin haka suna korar duk mai son cinta, har su kashe ƙananan tsutsotsi. In ka ga suna hawa da sauka a tsiro, bi layinsu ka tone gidan, ka cika shi da ruwa. Ka kuma sassauta hannu wurin zuba yuriya, domin toho mai laushi da taki ya yi wa yawa shi darɓa ta fi so.

Roƙona ga masu shagunan maganin ƙwari da malaman gona na jihar Sakkwato shi ne, duk wanda ya zo da kukan darɓa, a ce ya koma ya yanko ganyen ya kawo, a juya shi tare a duba kafin a miƙa masa kwalba. Kai kuma ɗan'uwa mai lambu, da ke 'yar'uwa mai fangali a tsakar gida, yau bayan magariba ku ɗauki tocila ku je ku duba tsiro goma, ku rubuta abin da kuka gani.